Na Tudu Da Na Kwari: Labarin Haɗin Kan Masana A Duwatsun Himalaya

Duk wanda ya taɓa zama a bakin kogin Kwara, wajen Yamai ko inda kogin ya shigo Nijeriya ta ƙasar Kabi, ya san wani abin mamaki da ke aukuwa kowace shekara. Cikin watan Disamba da Janairu, sa'ad da hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe, an yi wata biyu ko uku ba a ga ɗigon ruwan sama ba, sai a ga kogin yana ta cika. Wannan ruwa kuwa ba a nan aka yi shi ba. Ruwan damina ne da ya sauka a kan duwatsun ƙasar Gini, ya gangaro ya bazu cikin fadamun Masina a ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya kafin ya iso gare mu. Watau masunci da mai noman rani na bakin Kwara suna cin arzikin wani dutse ne da ba su taɓa gani ba, a ƙasar da ba su san harshenta ba.

Mun fara da wannan misali ne domin mu jawo hankalin masu karatu, musamman akawuna da malaman makaranta, zuwa ga wani al'amari da ya shafi duniya duka. Galibin manyan kogunan duniya daga duwatsu suke tasowa, saboda haka abin da ya sami na tudu ba ya barin na kwari. Babu inda wannan magana ta fi fitowa fili kamar a nahiyar Asiya, inda masanan ƙasashe takwas, waɗansunsu ma ba sa ga maciji da juna, suka yi shekara arba'in da ɗoriya suna aiki tare a kan duwatsun Himalaya. Labarinsu muke so mu bayar, gama akwai darasi a cikinsa.

Tulun Ruwan Asiya

Jerin duwatsun Hindu Kush da Himalaya ya miƙe wajen kilomita 3,500, daga Afganistan a yamma har zuwa Bama a gabas, ya ratsa Pakistan da Indiya da Sin da Nefal da Butan, ya taɓa gefen Bangaladash. A cikinsu ne dutsen Everest yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a duniya. A watan Disamba na 2020 ƙasar Nefal da ƙasar Sin suka ba da sanarwa tare cewa sun auna shi, tsawonsa mita 8,848 da ɗigo 86. Saboda tsananin sanyin da ke can bisa, ruwan da ke sauka ba ya gudu, dusar ƙanƙara ce ke zuba ta taru shekara bisa shekara, ta danne juna har ta zama tuli mai tauri kamar dutse, yana gangarowa sannu sannu cikin kwazazzabo. Irin wannan tuli shi ake kira kogin ƙanƙara. In bazara ta yi sai bakinsa ya riƙa narkewa yana ba koguna ruwa, daidai lokacin da manoman kwari suka fi bukata.

Manyan koguna goma ne ke samun ruwa daga waɗannan duwatsu, cikinsu har da Indus da Ganges da Brahmaputra da Mekong da Yangtze. An ƙiyasta mutum miliyan 240 ke zaune a kan duwatsun da gindinsu, waɗansu kuma miliyan 1,650 suna zaune a kwarin kogunan. In aka haɗa, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Adam ke nan. Mai karatu ya duba ya gani, tulu ɗaya ne, masu sha daga cikinsa ƙasashe da yawa, kowace kuma da gwamnatinta da sojanta da asirinta.

Laifin Da Aka Ɗora Wa Talakan Dutse

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A cikin shekarun 1970 wata magana ta bazu tsakanin masana da ma'aikatan raya ƙasa, ta shiga jaridu da littattafan makaranta har aka ɗauke ta tabbatacciya. Maganar ita ce, talakawan duwatsun Nefal sun yi yawa, suna sare itatuwa domin girki da sababbin gonaki, ruwa yana kwashe ƙasar dutsen yana kai ta kwari, koguna suna cikewa da yashi, shi ya sa ambaliya ke cinye Bangaladash da arewacin Indiya. Wani marubuci Ba'amurke mai suna Erik Eckholm ya ba da ƙarfi ga wannan zance a littafin da ya fitar a 1976. Aka yi ta hasashen cewa kafin ƙarshen ƙarnin ba za a sami sauran daji a tuddan Nefal ba.

Maganar tana da daɗin ji, kuma ta yi wa mutane da yawa amfani, gama ta ba gwamnatocin kwari wanda za su nuna wa yatsa duk shekarar da ruwa ya yi ɓarna. Abin da ya rage shi ne awo, domin babu wanda ya tsaya ya auna.

Masana biyu suka ɗauki nauyin binciken, Jack Ives wanda ya yi aiki a Kanada da Amurka, da Bruno Messerli na jami'ar Bern a ƙasar Suwizalan, ƙarƙashin wani shiri na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya. Suka haɗu da masanan Nefal da Indiya da Sin da sauransu, aka yi shekaru ana hawa duwatsu, ana gwada tsofaffin hotuna da sababbi, ana zama da dattawan ƙauye ana tambayarsu. A 1986 aka yi babban taro a Mohonk cikin jihar New York inda kowa ya baje abin da ya samo, a 1989 kuma Ives da Messerli suka fitar da littafinsu a kan matsalar Himalaya.

Abin da suka gano ya saɓa wa abin da aka daɗe ana faɗa. Duwatsun Himalaya sababbi ne a lissafin masana ƙasa, har yanzu suna tasowa, girgizar ƙasa da ruwan damina mai ƙarfi suna zabtare su tun kafin a yi mutum a wurin, kuma daga nan ne mafi yawan laka da yashin koguna suke fitowa. Manomin dutse da ake zargi, shi ne ke gina gonarsa hawa hawa kamar matakala, yana gyara ta duk sa'ad da ta zabtare, yana shuka itatuwan da yake yanka wa dabbobinsa ganye. Daga baya Messerli da abokin aikinsa Thomas Hofer suka bi diddigin ambaliyar Bangaladash, suka nuna a littafinsu na 2006 cewa babbar ambaliya tana zuwa ne in cikar Ganges da ta Brahmaputra suka zo lokaci guda, ga ruwan sama mai yawa a cikin ƙasar kanta da tuddan Meghalaya da ke arewa da ita, ga kuma tumbatsar teku ta hana ruwa fita. Sare daji yana yin ɓarna ƙwarai a ƙaramin kwari kusa da inda aka sare, amma ba shi ke nutsar da ƙasar da ke nesa da ɗaruruwan kilomita ba.

Wannan gyara ya zo daidai da wani canji da Nefal ta riga ta fara. A 1957 gwamnatin ƙasar ta mai da dazuzzuka mallakarta, talakawa suka ga dajin ya zama na hukuma, suka rage kula da shi. Daga 1978 aka fara mayar wa ƙauyuka ikon dajinsu, dokar daji ta 1993 kuma ta tabbatar da haka. Ƙungiyoyin ƙauye fiye da 22,000 suka karɓi riƙon daji, su ke tsara lokacin yanka da rabon itace da hukuncin wanda ya saɓa. Binciken da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam ya nuna cewa daji ya rufe kashi 26 cikin 100 na ƙasar a 1992, amma a 2016 ya kai kashi 45. Gaskiya ne ƙaurar samari zuwa aiki a ƙasashen waje ta taimaka, domin gonaki da yawa sun koma saura. Duk da haka dajin da aka ce zai ƙare ya kusa ninkawa, a hannun mutanen da aka ce su ke kashe shi.

Cibiyar Katmandu

Tun a 1974, a wani taro da aka yi a birnin Munich na Jamus, aka kawo shawarar kafa wuri ɗaya da masanan ƙasashen Himalaya za su riƙa haɗuwa. Hukumar UNESCO ta goyi bayan shawarar, ƙasar Nefal ta ba da masauki, Jamus ta Yamma da Suwizalan suka ba da kuɗin farawa. A watan Disamba na 1983 aka buɗe cibiyar a Katmandu, ana kiranta ICIMOD a taƙaice, watau cibiyar ƙasa da ƙasa ta raya yankunan duwatsu. Ƙasashen nan takwas da muka ambata su ne mambobinta.

Cibiyar ba ta da ikon ba kowace gwamnati umarni. Aikinta tara ilimi da raba shi, da horad da ma'aikata, da sa masanin Indiya da na Pakistan da na Sin su zauna a ɗaki ɗaya su yarda da hanyar awo ɗaya. Wanda bai san yankin ba zai ga kamar ƙaramin abu ne. Amma Indiya da Sin sun yi yaƙi a kan iyakar duwatsun nan a 1962, Indiya da Pakistan kuma sun gwabza ba sau ɗaya ba, har taswirar kogi da lissafin ruwansa ana ɗaukarsu asirin soja a waɗansu wurare.

Masanan nan ne, tare da abokansu na sauran nahiyoyi, suka matsa har aka sa babi na musamman a kan duwatsu, babi na 13, cikin shirin da shugabannin duniya suka amince da shi a taron Rio de Janeiro na 1992. Daga nan Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa 2002 suna shekarar duwatsu bisa shawarar ƙasar Kirgistan, ta kuma keɓe ranar 11 ga Disamba ta kowace shekara domin tunawa da su.

Amfanin awo ya sake bayyana ta wata hanya mai ban kunya. A rahotonsa na 2007, kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rubuta cewa ƙanƙarar Himalaya tana iya ƙarewa kafin 2035. Da aka bincika sai aka tarar maganar ba ta da tushe a wani awo, a watan Janairu na 2010 kwamitin ya amsa kuskurensa. Masu musun ɗumamar duniya suka samu abin faɗa. Maganin da masana suka yi shi ne komawa ga ƙidaya. A 2011 cibiyar Katmandu ta fitar da lissafin kogunan ƙanƙarar yankin ɗaya bayan ɗaya, aka sami wajen 54,000, sun rufe fili mai faɗin murabba'in kilomita 60,000. A 2019 kuma masu bincike fiye da 300 suka gama babban rahoto, inda suka nuna cewa ko da duniya ta tsai da ƙarin zafi a digiri ɗaya da rabi, sulusin ƙanƙarar zai narke kafin 2100, in kuwa aka ci gaba da tura hayaƙi sama yadda ake yi, kashi biyu cikin uku ne zai tafi. Rahoton 2023 ya ƙara da cewa narkewar da aka yi tsakanin 2011 da 2020 ta fi ta shekaru goman da suka gabace su sauri da kashi 65 cikin 100. Wannan lissafi bai kai na 2007 ban tsoro ba, amma yana da tushe, kuma a kansa ne gwamnati za ta iya gina shiri.

Tafkunan Da Ke Rataye A Bisa

In kogin ƙanƙara ya ja da baya, yakan bar tafki a gurbinsa, babu abin da ya tare ruwan sai tarin tsakuwa da ƙanƙarar da ke binne cikinta. Ranar 4 ga Agusta, 1985, wani ɓangaren ƙanƙara ya faɗa cikin tafkin Dig Tsho a gabashin Nefal, ruwan ya fasa bakinsa ya gangaro, ya share tashar lantarki ta Namche da ake dab da gamawa, ya tafi da gadoji 14 da gidaje da gonaki. Tun daga ranar aka san cewa sai an bi tafkunan nan an san halin kowanne.

Binciken da aka fitar a 2020 ya nuna tafkuna 47 masu haɗari a kan kogunan Koshi da Gandaki da Karnali. Daga cikinsu 21 suna Nefal, ɗaya yana Indiya, 25 kuwa suna Tibet cikin ƙasar Sin. Ga inda maganar haɗin kai ta zama ta rai da mutuwa, domin fiye da rabin haɗarin da ke kan Nefal yana bayan iyakarta, inda ma'aikacinta ba shi da ikon zuwa ya kafa ma'auni. Inda aka sami hannu da yawa an yi aiki. Da taimakon ƙasar Holan aka haƙa wa tafkin Tsho Rolpa mafita aka rage shi da mita uku a 2000, a 2016 kuma sojan Nefal da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya suka rage tafkin Imja da fiye da mita uku, a wurin da ya kai mita 5,000 bisa, inda numfashi kansa aiki ne. Inda gargaɗi bai isa da wuri ba an yi hasara. A watan Oktoba na 2023 tafkin Lhonak ta Kudu a Sikkim ya fashe da dare ya rushe babbar madatsar lantarki ta Chungthang, a watan Yuli na 2025 kuma ruwa daga wani tafki a Tibet ya tafi da gadar Rasuwagadhi da ta haɗa Nefal da Sin.

Wata dabara da ta burge mu ba ta da tsada ko kaɗan. A kogin Ratu, wanda ke tasowa daga tuddan Nefal ya shiga jihar Bihar ta Indiya, an kafa ƙaramar na'ura a bakin ruwa can sama. In ruwa ya kai wani ma'auni sai ta yi ƙara a gidan wani mutumin ƙauyen da aka ɗora wa kula da ita, shi kuma ya buga waya ga na ƙasa da shi, su ma su sanar da na gaba, har labari ya ƙetare iyaka. A ambaliyar watan Agusta na 2017 mutanen ɓangaren Indiya sun sami labari da sauran sa'o'i kafin ruwa ya iso, suka kwashe yara da dabbobi da hatsi. Da a ce sai takarda ta bi ta ofisoshin manyan biranen ƙasashen biyu, da ruwa ya riga ta.

Inda Ake Tuntuɓe

Kada mai karatu ya zaci kome yana tafiya daidai. A 2017, sa'ad da sojan Indiya da na Sin suka yi cirko-cirko a Doklam, Indiya ba ta sami lissafin ruwan Brahmaputra da Sin ta saba aiko mata da damina ba, sai a shekara ta gaba aka koma aikowa. Yarjejeniyar ruwan Indus, wadda Indiya da Pakistan suka sa wa hannu a 1960 da taimakon Bankin Duniya, ta tsallake yaƙe-yaƙe, amma a watan Afrilu na 2025 Indiya ta ba da sanarwar jingine ta. Ministocin ƙasashen takwas sun amince da sanarwar haɗin kai a kan duwatsun a watan Oktoba na 2020, sai dai sa hannu ya fi cikawa sauƙi. Masani yana iya auna ruwa, amma ɗan siyasa ke da mabuɗin ɗakin da aka ajiye lissafin.

Abin Da Ya Shafe Mu

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ba mu da ƙanƙara a bisa duwatsunmu, amma mu ma mutanen kwari ne. Kwara daga Gini yake, Binuwai daga tuddan Adamawa na ƙasar Kamaru, kogin Kaduna da Gongola da Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos. A 2012 ruwan sama mai yawa, tare da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, ya jawo ambaliyar da ta kashe mutum 363 a Nijeriya bisa lissafin hukuma, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, ta 2022 kuma ta kashe fiye da 600. Muna da wuraren zama tare, gama an kafa hukumar kogin Kwara da ta tafkin Cadi tun 1964, ta Kwara ɗin ma aka sake mata fasali a 1980, tana da ƙasashe tara da hedkwata a Yamai. Ƙarfin irin waɗannan hukumomi bai wuce ƙarfin lissafin da ake kai musu ba.

Darasi na farko shi ne kada a yanke wa talakan dutse hukunci kafin a auna. Abin da ya faru a Nefal ya faru a Afirka ma. A ƙasar Kissidougou ta Gini, kusa da mafarin Kwara, an daɗe ana cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyuka ragowar babban daji ne da mutane suka cinye, sai masu bincike biyu, James Fairhead da Melissa Leach, suka nuna a 1996 cewa mutanen ƙauyukan ne suka raya kurmin da hannunsu. Manoman duwatsun Gwoza da na Sukur, masu jera duwatsu su tare ƙasar gonakinsu hawa hawa tun kaka da kakanni, sun cancanci ma'aikacin gona ya tambaye su kafin ya koya musu.

Darasi na biyu ya fi kusa da masu karatunmu. Duk manyan rahotannin da muka ambata, tushensu wani mutum ne da ya fita da safe ya duba ma'auni ya rubuta abin da ya gani, bai ƙara ba bai rage ba, ya sake fita washegari. Shekara ɗaya ta irin wannan rubutu ba ta gaya wa kowa kome, amma shekara talatin tana nuna wa injiniya tsawon gadar da zai gina, ta nuna wa hakimi unguwar da bai kamata a ba da fili a cikinta ba. Akawun da ya ga littafin lissafin ruwa na shekarun baya a ɗakin ajiya, gara tana ci, ya sani dukiya ce a gabansa. Malamin makaranta kuwa yana iya kafa ma'aunin ruwan sama a filin makaranta, ya ɗora wa yara karanta shi bi da bi, ya nuna musu a taswira inda kogin garinsu ya taso da garuruwan da zai bi bayan ya wuce su. Garuruwan da ke bakin kogi ɗaya kuma babu abin da zai hana masu unguwanninsu su riƙe lambar wayar juna, kamar yadda mutanen Ratu suka yi, tun damina ba ta kankama ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa, amin.